A Dawo Mana da Faranti Ɗaya

Zuwa ga Mudir Usman, ɗan marigayi Alhaji Bala, mai gidan abinci na bakin kasuwar Ammariyya, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka murnar gyaran da ka yi wa gidan nan. Injin sanyi ya yi, fitilu sun yi, kujerun ma yanzu ba sa cizon mutum. Sunana Haruna, tela ne ni a layin bayanka, kuma ni na ɗinka maka rigar sallarka ta farko. Na rubuta a fili ne don sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini ka tafi Abhur, can bakin teku, kuma maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Na ɗaya, bari in tuna maka asalin abin. Tun ana kawo mana ruwa a kan jaki mahaifinka ya lura cewa tsakanin la'asar da magariba ƙuda ne kawai ke ziyartar shagonsa. Sai ya mai da wannan lokaci sa'ar rahusa: sambusa, mutabbak da koktel, duk rabin kuɗi. Koktel ɗin nan na mangwaro da ayaba da madara, wanda sai an sa cokali saboda kauri, a nan muka fara saninsa. Mu biyar ne muke zuwa duk Alhamis: ni, da direba, da mai gadi, da tsofaffin 'yan dako biyu na tashar jirgin ruwa. Mutum ya yi mako yana durƙusa wa mai gida, a wannan sa'a sai ya zauna a kawo masa, har ya yi ƙorafin ƙanƙara ta yi kaɗan.

Na biyu, yadda muke biya. Ba ma sayen faranti biyar. Babban faranti ɗaya ake kawo mana da tulu ɗaya na koktel, yadda kakanninmu suka ci a kan hanyar Hajji. In an gama, sai in cire hulata in zagaya da ita ta ƙarƙashin tebur, kowa ya sa hannu a dunƙule ya fito da shi a buɗe. Wani ya saki riyal, wani girshi biyu, wani iska. Ba mai kallon hannun wani. Mahaifinka yakan juye hular a aljihun tebur yana kallon titi, kuma in ta yi sauƙi da yawa, mu mun san yadda muke cika ta a mako na gaba.

Na uku, abin da ya faru a watan Rajab. Muka zo muka tarar da sabuwar doka a jikin bango: a sa'ar rahusa kowa ya tsaya a gaban kanta ya biya nasa, a ba shi farantinsa da kofinsa, wanda bai saya ba kuma babu shi babu kujera. Muka shiga layi kamar masu sabunta iƙama, takardar zama a ƙasa. Ana cikin haka sai ɗayanmu ya ce shi yau azumin nafila yake yi, zai zauna ne kawai ya taya mu hira. Mutumin nan da azahar a shagona ya sha shayi kofi biyu. Yaronka na kanta, wanda ba na ganin laifinsa don umarni aka ba shi, ya nuna masa dokar. Kafin a ƙara magana muka ce ai dukanmu azumin muke yi, mantuwa ce ta kawo mu. Tsofaffi biyar muka yi ƙarya a ranar Alhamis muka fita, ƙamshin mutabbak yana bin mu har bakin titi. Allah ya yafe mana. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yau yana yi.

Tun ranar ba mu koma ba. Ba fushi ba ne. In mu huɗu muka zo, duk unguwa za ta ƙirga ta gane wanda babu. Mun gwada haɗuwa a shagona, amma ya san don shi aka yi, sai ya daina zuwa nan ma. Mutumin da ya binne matarsa bara, 'ya'yansa suna can Khumra wajen aiki, wannan sa'ar ce kaɗai yake dariya a mako. Yanzu daga masallaci sai ɗaki.

Na san gari ya canza, kuɗi sun shigo, haya ta hau, kuma na ji akwai samarin da ke zama su takwas a kan kofi ɗaya don su sha sanyin inji. Ban ce ka yi asara ba. Ga abin da nake roƙo. Kada ka rage mana ko girshi: ka sa kuɗin mutum biyar, amma a zuba a faranti ɗaya. A bar mu mu biya bayan mun ci, daga hula, a tebur. In ka amince, ka aiko a gaya mini, ni na san yadda zan ce wa mutumin namu an janye dokar ga kowa.

Kada ka nemi sanin ko wane ne. Mahaifinka ya san nauyin hannun kowa a cikin hular nan, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa wa ko mahaifiyarka ba.

Allah ya jiƙansa, ya sa albarka a kasuwarka, ya rufa maka asiri duniya da lahira. Alhamis mai zuwa zan wanke hular in jira saƙonka.

Wassalam.

Baffanka,
Haruna Tela, Ammariyya.