Tarihin Kaka Bai Ɓata Ba

Baba,

Albishirinka. Tarihin Kaka da kake rubutawa yana nan, shafi arba'in da ɗaya, ko wasali bai ɓata ba. Na karanta har inda ya sauka Umdurman da jakinsa.

Da ka fita masallaci rai a ɓace, na zauna gaban kwamfutar. Manhajar rubutun lafiyarta ƙalau. Jinkiri ta yi, kai kuma ka yi ta danna ta, sai ta taso sau tara a lokaci guda ta cushe. Na kashe na kunna, ta buɗe.

Maɓallin ajiyewa kuwa, ba Inna ce ta goge shi da tsumma ba. Kai ne ka ƙara girman komai na allon don ka gani sosai, sai ƙasan manhajar ya shige waje da maɓallin. Na mayar da allon yadda yake, haruffan kawai na ƙara wa girma.

Don Allah sau biyu za ka danna, sannan ka ɗauke hannu ka kurɓi shayi. Za ta buɗe da kanta.

Na wuce jami'a, raksha mai ƙafa uku na jirana. Inna ta ce ta yafe, amma sai ta ga turare daga kasuwa.

Tabaraun da ka ce ya ɓata tun Juma'a, taɓa aljihun jallabiyar da ke jikinka.

'Yarka,
Ruƙayya