Gwiwar da Ba Ta San Ƙasa Ba

Zuwa ga yayana Dietmar,

Salamar Ubangiji ta tabbata a gare ka. Ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, kuma ƙafar nan ta daina damunka. Cukun da ka aiko ya iso, ko da yake ɓerayen hanya sun riga ni ɗanɗanawa.

Yaya, bari in ɗan yi maka taƙama. Ranar Ista bishop, babban limamin yankinmu, zai zo gidan ibadarmu na mata masu zaman zuhudu, kuma ni aka zaɓa in ja waƙa. Ka san dokarmu: duk wadda ta kuskure a zabura, ko da harafi ɗaya ne, sai ta durƙusa nan take ta taɓa ƙasa a gaban kowa. To, shekarata goma sha tara a nan, kuskure bai taɓa kai gwiwata ƙasa ba. Kai da kake cewa muryar agwagwa gare ni, sai ka zo ka ji.

Abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Uwa Gerberga, wadda ta zuba mini zabura ɗari da hamsin a ka, baki da baki, tsufa ya cim mata. Sau uku ta durƙusa a makon nan. Shugabarmu ta ce in ta sake a gaban bishop, za a mai da ita ɗakin jinya, ta riƙa jin waƙa ta bayan bango. Shekara hamsin tana tsayawa a layin mawaƙan nan.

Ka gai da kowa.
Ƙanwarka,
Richildis

Zuwa ga yayana Dietmar,

Bayan gaisuwa da fatan kun yi Ista lafiya. Yaya ƙafa?

Ran nan majami'a ta cika maƙil. Mu ashirin da huɗu, layi biyu muna fuskantar juna, ba ganga ba sarewa, sai murya ɗaya tak tana hawa har rufin dutse. Mun kai tsakiyar Halleluya, inda ake jan numfashi mai tsawo, sai wata murya ta zame dab da kafaɗata. Kowa ya ji. Shugabarmu ta ɗago kai tana neman mai laifi, Uwa Gerberga kuwa ta fara tattara rigarta za ta durƙusa.

Na riga ta. Na zube, na taɓa ƙasa. Ashe haka daɓen nan yake da sanyi.

An karɓe jan waƙa daga hannuna har zuwa Kirsimeti, aka ba 'yar'uwarmu Ermentrud, mai rerawa kamar ta bar tukunya a wuta. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba.

Da aka tashi, Uwa Gerberga ta tare ni a lambu. Na zaci godiya za ta yi. Ina! Cewa ta yi ni maƙaryaciya ce, in je in furta wa firist zunubina, kuma durƙuson ma ban iya ba, sai ka ce buhun gari ya faɗo daga kan jaki. Sannan ta kama hannuna ta riƙe, ta ƙi saki.

Na je na furta. Firist ya ɗora mini azumin kwana uku, ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce ina ƙoƙari.

Yaya, har yau na kasa yin nadamar. Da safen nan tana tsaye a wurinta, kafaɗarta tana gugar tawa, muryarta tana rawa a cikin tamu. Ka taya ni addu'a, don ban taɓa alfahari da muryata kamar yadda nake yi da gwiwar nan ba.

Ubangiji ya kiyaye ku.
Ƙanwarka mai muryar agwagwa,
Richildis