Gemun da Ya Hana a Binne Ka

Zuwa ga Grema, sanyin idona kuma barkonon idona, ruwan Komadugu mai isowa bayan kowa ya fid da rai, gawon da ke yin ganye sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, mai taurin kai, mai ƙona mini hanta, nawa ni kaɗai har a naɗe ƙasa.

Assalamu alaikum. Na yi maka sallama ne don addini ya ce da ita ake farawa. Ba don haka ba, wallahi da faɗa zan buɗe wannan takarda.

Jiya da hantsi gwaggonka Ya Gaji ta sauka daga motar garinku Shetimari ta shigo gidanmu, ta zauna a bakin tabarma tana jan carbi kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa. Ko ruwan da na kawo mata ba ta taɓa ba. Ta dubi Inna, ta dubi ƙasa, sannan ta ce, "Zuhura 'yata, ɗan aike ba ya laifi. Grema ya ce ya yafe miki alkawari. Ya ce ranar auren da aka sa bayan babbar Sallah a manta da ita. Ya ce ki nemi mai cikakkiyar fuska." Mai cikakkiyar fuska! Ban san sa'ad da na matse kofin gilashin da ke hannuna ba, sai da ya fashe ya tsaga mini tafin hannu. Inna ta riƙe ni, na fizge. Ka yafe mini? Wa ya roƙe ka yafiya? Yaushe alkawarina ya zama tukunyar aro, da za ka ba tsohuwa ta mayar mini? Da kana kusa a lokacin nan, ya masoyina, da na cakumi wuyan rigarka na jijjiga ka har sai hankalinka ya komo mazauninsa. Jinin hannuna ya ɓata tabarmar Inna, har yanzu bai fita ba.

Ka manta ranar da na fara ganinka? Ni ban manta ba, kuma ba zan bar ka ka manta ba. Ka shigo shagon Baba neman zaren ɗinkin buhu, fitowarka ke nan daga cikin masu awon tattasai, gemunka ja wur da garinsa. Na yi atishawa har da hawaye. Ka fashe da dariya, garin ya ƙara tashi, na ƙara yin wata. Daga baya, da muka saba, na tambaye ka da me kake wanke shi, ka ce da sabulun da kake wanke tsumman injin ban-ruwa. Da me kake taje shi? Ka ɗaga mini yatsunka biyar, ko kunya babu. Na ce a raina, wannan gemu maraya ne, uwa yake nema. Ranar da ruwan Komadugu na bana ya iso, muna tsaye a bakin kogi cikin jama'a, yara suna bin bakin ruwan da gudu suna ihu, na faɗa maka a fili cewa in an ɗaura mana aure kayan gyaran gemunka a wuyana suke. Ka ce za ka ajiye mini shi yadda yake, kada wani ya riga ni.

Sai baƙar ranar nan ta zo. Allah ya isa! Allah ya isa tsakanina da waɗanda suka tsallako kogi da rana tsaka, sa'ad da ruwa ya ja baya, kuna tsakiyar tsinkar tattasai! Ba su harba bindiga ba don kada ƙara ta kai gari. Adduna suka zaro. Suka sari masu gudu ta baya, suka sari masu roƙo ta gaba, suka cinna wa injuna wuta. An gaya mini ka sami hanyar tsira ta cikin rafi, amma ka juyo saboda tsoho Jibirin, maƙwabcin gonarka, da ƙafarsa ta hana shi gudu. Ka tsaya a gabansa da hannu wofi. Addar ta sauka daga kunnenka har haɓa, ta buɗe kuncinka, ta fasa ƙashi, ka faɗi rub da ciki a kan shanyar tattasai, ba a bambance jininka da jan da ke ƙarƙashinka. Shi ma Jibirin ba su bar shi ba. Allah ya shanye hannun da ya ɗaga addar nan! Allah ya hana shi kai loma baki, ya hana shi shafa kan ɗansa! Ban taɓa yanka ko kaza ba, amma da za a miƙa mini mutumin nan a ɗaure, ba zan nemi wuƙa ba, haƙorana sun isa.

Da suka tafi mutanen gari suka fito. Suka kwaso ku, suka rufe muku idanu, suka yayyage rawani suka ɗaure wa kowa haɓa yadda ake yi wa mamaci, suka jera ku a inuwa. An haƙa kabarinka, Grema. An auna tsawonka da kara an haƙa. An bugo wa Baba waya, ni kuma na yi ta buga kaina da ƙyauren ɗaki har mata suka danne ni. Sai Maina wanzami, wanda ya zo taimakon wankan gawa, ya durƙusa a kanka zai kwance maka riga, ya tsaya cak, ya ce, "Ku dakata, jama'a! Gemun Grema na motsi, kuma ba iska!" Numfashinka ne, siriri kamar zare, yake kaɗa gashin. Ƙyallen da suka ɗaure maka haɓa da shi don su binne ka, shi ya matse raunin ya tsayar da jini. Gemun kuma shi ya yi maka shaida a lokacin da bakinka ba ya iya cewa komai.

To wannan gemun ne kake ɓoye mini? A likita sun aske shi tas don su ɗinke ka, na sani. Na zo, ka juya fuska bango. Na dawo, ka ja mayafi. Na yi haƙuri, na ce ciwo ne, mai ciwo sarki ne. Yanzu ka koma gida, Ya Gaji ta ce gemun ya sake fitowa, sai dai tabon ya ratsa shi kamar hanyar ruwa a cikin gona, gefe da gefensa kuma duk furfura. Ta ce yana yi maka ƙaiƙayi kana sosawa har jini, kana naɗe fuska da rawani cikin wannan zafi, ko masallaci ba ka zuwa sai sahun baya. Haba, hasken gidana! Su suka yi ɓarna, kai kake jin kunya? Sun sare ka sau ɗaya, kai kuma kana sarana kullum. Su ba su raba mu ba, sai kai za ka ƙarasa musu aikin da hannunka?

Saboda haka yau da safe na ɗaure hannuna da ƙyalle na shiga kasuwa, na cika alkawarina ko kana so ko ba ka so. Na je shagon Alhaji Zaidu, mutumin Damagaram irinmu, mai kayan ƙamshi da na aski. Na ce kayan gemu nake so, na ango. Ya washe baki, ya fara zubo mini akwatin reza mai walƙiya. Na ture shi har ya zube ƙasa. Reza? A fuskar nan? Kaifin da ta sha ya ishe ta har tashin kiyama. Alhaji ya dube ni ya ce, "'Yar nan, ciniki kika zo ko yaƙi?" Na ce duka biyu, Baba Alhaji, a fito da mai.

Ya jera kwalabe: na zaitun, na habbatus-sauda, wasu na ƙasashen waje masu hoton gemun da ba na kowa ba. Kowace ya ɗaga sai ya rantse ba ta da zafi. Ni kuwa ban yarda da rantsuwar mai shago a kan fatarka ba. Na kwance ƙyallen, na buɗe yankan da ke tafin hannuna, na ce ya ɗiga. Ya ƙi. Na karɓa na ɗiga da kaina. Ta fari ta ci ni kamar an zuba garwashi, ashe rabinta turare ne. Ta biyu ta sa na ga taurari da rana. Hawaye na zuba, mata masu sayen humra sun daina ciniki suna kallona, na ce a kawo ta gaba. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har na iso ga wata 'yar ƙaramar kwalba marar ado, man kaɗanya da aka narka da na zaitun, ƙamshinta kaɗan ne. Ta sauka a kan yankan ta kwanta luf, ta sanyaya shi. Ita ce a cikin ƙunshin da na haɗo maka da wannan takarda. Abin da bai ci raunina ba ba zai ci naka ba.

Mataji ma sai da na gwada. Na roba duk na ja su a cikin damtsena, masu ƙananan haƙora sun karce ni, na watsar. Na ɗauki na icce mai faɗin haƙora, bakinsa a goge, wanda zai bi ta kan tabo bai tsaya ya yi masa tambaya ba. Sabulu kuma na salo ne, marar ƙamshi. Sabulun inji ka bar wa inji.

Daga nan Alhaji ya rage murya, don labarinka babu wanda bai ji ba a Diffa. Ya zaro wani kwali daga ƙarƙashin tebur ya ce, "Ga baƙin rini. In ya shafa, furfurar za ta ɓace, in ya kwantar da gashin ko tabon ba za a lura ba." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, Allah ya sani, amma na ji kamar ya mare ni. A rina me? A ɓoye wa wa? Furfurar nan a gaban Jibirin ka same ta, sa'ad da masu cikakkiyar fuska suke ta kansu. Wanda ya ga farin gashin nan ya sunkuyar da kai, shi ya kamata ya ji kunya. Ni ina son in gan shi da safe, in gan shi da azahar, in sa yatsana in bi hanyar nan daga kunne har haɓa in dawo. Na mayar masa da kwalinsa.

Ya abin ƙaunata, ya wutar da na rungume da sanina, ka saurare ni da kyau. Baba ya ji saƙonka, ransa ya ɓaci. Ya ce namiji ba ya magana biyu, in har Juma'a mai zuwa ba ka janye ba, zai kira dangi na Damagaram ya ce su fasa tafiya, kuma daga nan ba zai sake buɗe zancen ba. Ka san Baba, in ya rufe ƙofa ko shi ba ya iya buɗewa. Don haka ga roƙona, in ma roƙo ne. Ka wanke gemun nan, ka shafa masa mai safe da yamma, ka taje shi a hankali. Ranar Juma'a ka hau mota ka zo Diffa, ka yi salla a sahun gaba, ka shigo zauren Baba da fuskarka a buɗe, ka gaishe shi kamar suruki. Ba sai ka yi dogon bayani ba, na san magana tana ja maka ɗinki. Zuwanka ya isa.

Abu guda na saya ban sa a ƙunshin da Ya Gaji za ta kawo maka ba. Ɗan almakashi ne na gyaran baki da gefe, mai kaifi ƙwarai. Yana ƙarƙashin matashina. In ka zo, zai jira ranar da aka kai ni ɗakinka, in zaunar da kai a bakin gado, in riƙe haɓarka da hannuna mai tabo, in daidaita maka shi da kaina. In kuwa Juma'a ta wuce ban ga ƙeyarka ba, na rantse da wanda ya mayar maka da numfashi, da almakashin nan zan datse kitson kaina ɗaya bayan ɗaya har fata. In hau motar Shetimari, in tsaya a ƙofar gidanku da rana tsaka, in cire ɗankwali a gaban mahaifinka da duk mutanen unguwa, in zube maka gashin a ƙafa. Sai mu ga wa zai nemi mai cikakken kai, tunda ka ce cika ake aure.

Ko ta wace hanya, almakashin nan zai yi aiki. Kai za ka zaɓa masa gashin da zai fara ci.

Taka a raye, taka ko da Maina bai duba ba, wadda ba ta da wani ango a duniya ko a lahira sai kai,

Zuhura