Ƙorafi Kan Tsayar da Wasan "Baƙar Leda"

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Hausa,
Gidan Talabijin na Bakin Kogi,
N'Djamena.

Daga:
Yunusu Maiturare,
Layin masu turare, Grand Marché,
mazaunin unguwar Gardolé.

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Game da: Cire wasan "Baƙar Leda" ba tare da sanarwa ba, da roƙon a dawo da shi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata. Ni karatuna bai yi nisa ba, don haka in ka ga magana ta zo maka tsirara, a yi haƙuri, ban iya sa mata riga ba ne. Ga ƙorafina:

1. Ranar Alhamis 26 ga Satumba, bayan sallar isha'i, ni da iyalina mun zauna kallon "Baƙar Leda" kamar yadda muka saba, wato wasan nan naku na masu sayar da ƙwaya da yaran da take lalatawa. Sai muka ga mutum uku cikin kwat suna tattaunawa a kan tarbiyya. Kafin na farko ya gama gaishe da sauran biyun, ɗakina ya watse. Har yau su kuke sa mana, kuma har yau ban san abin da suka yanke ba.

2. Na samu labari cewa wasu dattawan kasuwa, da Alhaji Abdulbaƙi mai kwanon rufi a gaba, su suka kawo kuka, wai wasan yana zubar da mutuncin Hausawa 'yan kasuwa, yana kuma koya wa yara shaye-shaye. Ranka ya daɗe, in akwai wanda wasan nan ya ɓata wa suna, ni ne. Babban mugun ciki mai turare ne, yana ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin kwalaben humra, ga gemu ja da lalle irin nawa sak. Tun da aka fara, mata suna ɗaga kwalabena suna leƙa ƙasansu. Wani saurayi ya zo ya raɗa mini wai in ba shi na ƙasan tebur, sai da na bi shi da takalmi har layin masu hatsi. Duk da haka ban kai ƙara ba. Shi Alhaji Abdulbaƙi ba wanda ya ɓoye komai a kwanonsa, kuma duk safiyar Juma'a shi yake ba mu labarin wasan a wurin mai shayi, har da kwaikwayon murya. Batun koya wa yara kuwa, yaran Gardolé su za su koya wa wanda ya rubuta wasan.

3. Ina da ɗa, Uzairu, babba ne, yana sana'ar kilando, wato haya da babur. Ƙwayar tiramol ta kama shi. Na yi faɗa, na yi duka, na haɗa shi da kawunsa. Na karɓo masa rubutu wurin malam, ashe da rubutun yake kora ƙwayar. A cikin wasan naku akwai wani ɗan kilando mai suna Ikrima, wanda in ka gan shi ka ga Uzairu, har yadda yake sosa wuya. Daga nan uwarsa Talatu ta koyi ɗaga sirdin babur, kuma ta sami abin da ta samu. Ranar da aka nuna Ikrima ya kayar da mace mai ciki a kan titi, Uzairu ya tashi ya bar tuwonsa. Washegari da kansa ya miƙa wa uwarsa ledar ƙwayarsa. Ba zan yi maka ƙarya in ce ya warke ba, har yanzu fushinsa yana kusa. Amma duk Alhamis kafin magariba babur ɗinsa yana cikin zaure, shi kuma yana kan tabarma kusa da ni. Na manta rabon da mu zauna tabarma ɗaya.

4. Wurin da kuka yanke shi ne babban laifin. Ikrima ya faɗi bakin hanya yana kumfa, an ɗauke shi zuwa asibiti, sai kuka kawo mana masu kwat. Yanzu abokan Uzairu a tashar kilando suna gaya masa wai Ikrima ya tashi garau, ya sayi mota, shi ya sa dattawa suka hana a nuna. Su suke ƙarasa masa wasan da bakinsu. Alhamis da ta wuce bai dawo da wuri ba. Talatu ta koma ɗaga sirdi, kuma ba ta gaya mini abin da take gani.

5. Don kada a ce na zo yabo kawai, wasan yana da gyara. 'Yan sandan ciki suna zuwa tun kafin a ajiye waya, wannan ban san a wane gari ake yin sa ba. Shi kuma mai turaren yana tsiyaya humra kamar mai zuba man gyaɗa. A turo shi rumfata in koya masa, kyauta.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon Mai Girma Shugaba ya ba da umarni a dawo da "Baƙar Leda" ranar Alhamis mai zuwa, a lokacinsa, daga daidai inda aka tsaya. Masu kwat a mayar da su safiyar Talata, ba wanda zai yi kuka. In dattawa sun sake zuwa, a ce su same ni a layin masu turare, sun san rumfar. Gemuna kuma ba zan aske ba, a ci gaba da leƙa kwalabena, na yafe.

In kuma Ikrima mutuwa zai yi, kada a tausaya mana, a nuna har wanka da makara. Gara Uzairu ya ga gawar a talabijin yana zaune kusa da ni, da a kawo mini tasa cikin zaure.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da tsawon rai.

Naka mai biyayya,
Yunusu Maiturare