Kokon Inna da Haƙorin Hafsa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya maigidan? Mu nan Gagarawa lafiya lau.

Haƙorin Hafsa 'yar wajena ne ya kai mu Kano. Tsoro ya hana ta buɗe baki. Likita ya ce akwai iskar shaƙa, akwai kuma maganin sha mai kwantar da hankali. Muka zaɓi na sha, aka ba mu rana bisa sharaɗin a dawo da ita ba ta karya ba. Ashe Inna ta ɗura mata koko a ɓoye, wai jikarta ba za ta hau mota da yunwa ba! Haka muka juyo.

An sake ba mu Alhamis. Inna ta ce azumi za ta ɗauka ranar, su ji yunwar tare.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Binta