Ƙorafi Kan Manhajar Da Ke Sa Ni Rawa A Gaban Marasa Lafiya

Zuwa ga:
Mai Girma Sakataren Asibiti,
Ta hannun Shugabar Sashen Kati.

Daga:
Akawun rajistar marasa lafiya, Taga ta Biyu.

Talata, 14 ga Mayu, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: MANHAJAR "TASHI KA MIƘE" DA TAKARDAR GARGAƊIN DA AKA BA NI

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. A farkon watan jiya, Kwamitin Walwalar Ma'aikata ya sa aka ɗora wa kwamfutata wata manhaja, wai don kula da lafiyar ƙugunmu. Na gode da wannan kulawa. Shekara da shekaru ƙugun nan yana kan kujera mai ƙafa uku da aka tokare da bulo, ba wanda ya tambayi lafiyarsa, sai bana.

2. Aikinta shi ne, ina tsakiyar cike katin mara lafiya sai ta rufe allon kwamfutar, wani ɗan zane mai shafaffen ciki ya fito yana mini murmushi. Ba za ta buɗe ba sai na miƙe gaban kyamara, na ɗaga hannuwa, na karkata hagu da dama, na sunkuya na taɓo yatsun ƙafa. Ranka ya daɗe, ni da yatsun ƙafata mun jima da yin sallama, tumbi ya raba mu. Saboda haka kullum sai ta ce ban yi daidai ba, in sake. Tagar nan kuwa gilashi ce, duk layi na kallo. Yanzu masu shara Baba Miƙa suke ce mini, wata tsohuwa ma ta leƙo tana tambaya ko nan ne sashen gashin ƙashi.

3. Da abin ya tsaya kan mutuncina, da na haƙura, dama ba wani mai yawa ya rage ba. Amma duk sanda allon ya dawo, sai ya fito da jan rubutu cewa an sami matsala, katin da nake cikewa ya goge kaf. Ranar Litinin, 6 ga wannan wata, na yi ta maimaita wa wani dattijo mai ciwon suga tambayar sunansa da shekarunsa, har ya daina amsawa, 'yarsa da ke riƙe da shi ta karɓa. Kafin katinsa ya fita, likita ya rufe ganin marasa lafiya na safe. 'Yar tasa ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi. Ranar ban iya cin abinci ba, abin da ba a san ni da shi ba.

4. Na sami injiniyanmu na kwamfuta, ya ce izinin cirewa na hannun Kwamiti. Kwamiti ya ce sai ya zauna. Shugaban Kwamitin, Allah Ya ƙara masa basira, ya shaida mini kamfanin da ya yi manhajar ya tabbatar ba ta da aibu, wataƙila ni ne ba na sunkuyawa da zuciya ɗaya. Na dai lura tasa kwamfutar ba a ɗora mata komai ba. Ƙila ƙugun manya ba ya ciwo.

5. Jiya kuma sai ga takarda, wai tagata ta fi kowacce jinkiri, idan ban gyara ba zuwa ƙarshen wata za a mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin fayil. A takardar har an yaba wa abokin aikina na Taga ta Ɗaya da ƙwazo. Ƙwazonsa kuwa shi ne, kwamfutarsa ta tsufa har manhajar ta ƙi hawa kanta. Wato asibiti ne ya sa ni rawa, asibitin ne kuma yake tuhumata da barin aiki ina rawa.

Don haka nake roƙo cikin ladabi da a ba injiniya umarnin cire wannan manhaja kafin ƙarshen wata, a kuma janye takardar gargaɗin daga fayil ɗina. A tagar nan na yi furfura, ba na so a ce rawa ce ta tashe ni daga kanta.

Idan kuwa hukuma ta ga manhajar ta fi ni amfani, zan tattara in sauka ba gardama. Shawarata ɗaya ce: duk wanda zai gaje ni, a gwada ƙugunsa kafin a duba takardunsa.

Allah Ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Akawun Taga ta Biyu