Dutsen da Baba Bai Taɓa Faɗa wa Kowa Ba

Anti Glenys,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, kuma a garin nan babu wanda zan tambaya labarin bai riga ni isa gida ba. Kin san ƙananan garuruwanmu na bakin teku. Ki yi atishawa a gidan waya, kafin ki kai kantin burodi an ce mura ta kwantar da ke. Shi ya sa na canza sunayen kowa, ko da za ki buga wannan a shafinki na jarida.

Na haura shekara arba'in da biyar, amma sai bana na fara riƙe sandar kamun kifi. Mahaifina manomin sha'ir ne. Da an gama shuka, sanyi ya kankama, sai ya jefa sandunansa a bayan mota ya nufi teku. Yayana Gavin yake ɗauka, ni kuma a bar ni da Mama muna feraye dankali muna jiran kifi. Ban taɓa cewa komai ba, amma abin ya yi mini ciwo. Da na girma na tafi Adelaide, na yi zamana a wani kantin magani.

Mama ta rasu tuntuni. Bara Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannun hagu da ƙafa suka tafi, magana ma sai a hankali. Hankalinsa kuwa garau, har ya fi nawa. A watan Maris na ajiye aiki na dawo gida. Na tarar da mutum yana wuni a keken guragu gaban taga, abinci sai an yi da gaske. Na sayo masa kifi a kanti, ya sunsuna ya ture farantin, wai wannan tun zamanin kakansa ya mutu.

Haushi ya sa wata safiya na shiga rumfar kayansa, na ɗauko doguwar sandar nan da ta ninka ni tsawo, na tafi bakin yashi. Anti, kada ki tambaye ni. Na wurga dalmar da ke bakin zaren gaba ta tafi baya, ƙugiya ta kama wuyan rigata, ina kokawa da ita igiyar ruwa ta zo ta zaunar da ni. Na dawo gida sharkaf, haƙora na kaɗawa. Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke, kifin kika je kamawa ko shi ya aiko a kamo ki?" Sai ya fashe da dariya da rabin bakinsa har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Tun ranar teburin kicin ya zama makaranta. Da hannu ɗaya da haƙori yake koya mini ɗaurin ƙugiya, in ɗaurin ya kwance ya ce, "Yatsun nan naki na ƙirga ƙwayar magani ne kawai?" Yanzu akwai gwangwanin tsutsa a firijinmu kusa da man shanu, ni da ko kyankyaso ba na iya kallo. Na fara zuwa gadar katakon da ta shiga teku, na kamo 'yan ƙananan kifin da ake kira tomi, na soya masa. Ya cinye har yana suɗe yatsa.

To ga inda matsalar take. Duk garin nan an san Baba yana da wani dutse a bakin teku inda yake kamo manyan kifin salmon a tsakiyar sanyi, amma babu wanda ya san inda yake. Maza sun sha bin motarsa a ɓoye, shi kuwa sai ya ajiye ta wani wuri daban ya taka da ƙafa. Ko Gavin bai taɓa kaiwa ba, wai bakinsa kwando ne, kofi biyu a mashaya ya zazzage komai. Kin dai san masu kamun kifi, gara su ba ki makullin gidansu da su faɗa miki wurinsu.

Kwanan baya likita ya ce zuciyar Baba ta yi rauni sosai. Bai faɗi sauran ba, amma mun gane. A hanyar dawowa Baba ya ce in kashe rediyo in tsaya gefen titi. Nan ya faɗa mini wurin, tiryan-tiryan. Ya kama hannuna ya ce, "Ke kaɗai, yarinya. Ko Gavin zai yi birgima a ƙasa." Na yi ta kuka a kan sitiyari, yana cewa in daina kada a ɗauka shi ya mutu.

Na je na gani. Ba zan kwatanta miki ba, ki yi haƙuri. Daga sama na tsaya ina leƙen dutsen, shimfiɗaɗɗe, baƙi, ruwa kwance lumui. Har na fara neman hanyar sauka, sai wata ƙatuwar igiyar ruwa ta taso daga inda ban sani ba ta rufe shi ruf, ya ɓace cikin farin kumfa. Daidai inda zan tsaya ke nan. Na ja da baya na zauna cikin ciyawa. Ni iyona na kwamin wanka ne, shi ma ɓangaren yara.

Yanzu kowace safiya tambayarsa ke nan: "Yau daga ina iska take?" In na faɗa ya ce, "Salmon sun shigo fa. Ba za su jira ki ba." In ce gobe, Baba. Ya mai da ido taga. Wannan kallon tagar ne yake cin raina. Gavin kuma daga Perth yana ta buga waya, wai hauka nake, in faɗa masa wurin ya hau jirgi ya zo ya kamo wa tsoho kifinsa a huta. Noeleen mai kantin kayan kamun kifi ta ga ina yawan zuwa, ta cika ni da shawara: gada, yashi, hayar kwalekwale, har na rasa na kamawa.

Anti, wataƙila wannan ne sanyinsa na ƙarshe. Tun ina ƙarama nake jiran ya zaɓe ni, yau ya zaɓe ni ga shi tsoro ya hana ni. In rufe ido in sauka sau ɗaya saboda shi? In faɗa wa Gavin? Ko in ce masa ba zan iya ba, in ga fuskarsa ta faɗi? Kuma sabuwar shiga irina, me za ta iya kamawa a wannan sanyi da zai faranta masa?

Taki,
'Yar Tsoho Mai Tsoron Ruwa

*

'Yata,

Bari in fara da abin da ba ya jira. Kada ki sauka kan dutsen nan. Ba bana ba, kuma ba ke kaɗai ba. Tekun sanyi ya ɗauke gwanaye daga kan duwatsu irin wannan, mutanen da suka fi ki iyo nesa ba kusa ba. Tsoron da ya zaunar da ke cikin ciyawa hankali ne. In wani abu ya same ki, wa zai juya tsohon a gado, wa zai soya masa tomi?

Amma kada ki ga laifin babanki. Ba halaka yake tura ki ba. Dutsen da ke cikin ransa shi ne wanda ya sani da ƙafafunsa biyu masu ƙarfi, kuma abu mafi tsada da ya mallaka ya ɗauka ya ba ki. Sai dai akwai rabin karatun da bai yi miki ba, don a jikinsa yake, bai san ma abin faɗa ba ne. Duk wanda ya tsufa yana kamun kifi a kan dutse, ya tsufa ne saboda yana zama a sama ya daɗe yana kallon ruwa kafin ya sauka, kuma sau da yawa yana juyawa gida zarensa a bushe. Ki tambaye shi sau nawa ya juya. Za ki sha labari.

Saboda haka ki daina cewa gobe. Ki gaya masa abin da kika gani, da yadda tsoro ya kama ki. Mutumin teku ba ya raina mai tsoron teku. Sannan ki koma can sama, ki zauna nesa da baki, ki kira shi a waya ki nuna masa ruwan, ki ce, "Baba, yau da kai ne, za ka sauka?" Ki bar shi ya yanke. Na yi imani da bakinsa zai hana ki, har ya haɗa da faɗa. Kin ga kin mai da masa dutsensa, kin kuma mai da shi malami.

Kifi kuwa, sanyi bai rage ki da komai ba. Gadar nan da kike rainawa ita ce babbar dukiyarki, domin keken guragu yana hawanta. Ranar da rana ta fito iska ta kwanta, ki naɗe tsohon da bargo, ki cika fulas da shayi, ki tura shi har ƙarshe. Ki watsa ɗan dusa da ɓarɓashin burodi a ruwa, tomi za su taru. Ke ki jefa, ki ɗora zaren a yatsan hannunsa mai lafiya. Zai ji kifi kafin ke ki gani. In ruwa ya yi garau ki gwada kamo kalamari, halittar ruwan nan mai hannaye barkatai, a kan ciyawar ƙasan teku, amma ki sa tsohuwar riga, don sai ya fesa miki baƙar tawadarsa. In ta samu Baba a fuska, to ladan dariyar da ya yi miki ne.

Salmon ɗin ma ba su yi wa dutsen alkawari ba. Garken da ke wucewa ta can shi ne ke bin bakin yashi. Ki mai da doguwar sandar rumfa, Noeleen ta zaɓa miki daidai tsawonki. Ki nemi inda ruwa ya yi duhu kusa da gaɓa, igiya ba ta fashewa a kansa, nan ne hanyarsu. Ki tafi da abokin tafiya, ki tsaya a kan yashi, kada ki taɓa juya wa teku baya. Da kin kama ki yanka shi jinin ya tsiyaye nan take, in ba haka ba tsohon zai sake ture faranti. Ki duba allon da ke bakin gada don sanin girman da aka yarda a ɗauka. Kwalekwale kuwa ki bar shi tukuna, tunda ba zai ɗauki babanki ba.

Gavin yana da nasa ciwon, kada ki manta. Shi aka yi ta ɗauka, amma ba shi aka faɗa wa ba. Sirrin ba naki ba ne da za ki raba. Ki ce masa ya hau jirgin ya zo, ba don dutse ba, don ubansa. In yana son wurin ya tambaya da bakinsa. Wata rana can gaba, in kin ƙware, ruwa ya kwanta, da rigar ceto a jikinki da wani a gefenki, wataƙila ki taka dutsen. Wataƙila kuma har abada daga sama za ki riƙa gaishe shi. Duka biyun babu abin kunya.

Abu na ƙarshe. Kin rubuto mini doguwar wasiƙa, kin faɗi kukanki, kin faɗi tsutsar firijinki, har iyonki na ɓangaren yara ba ki ɓoye ba. Na karanta ta sama da ƙasa, ni da na san gaɓar nan kamar tafin hannuna, ban samu ko alamar hanyar dutsen ba. Abin da tsohon ya nema a wurin magajinsa ke nan, kuma bai yi zaɓen banza ba.

Allah ya ƙara masa sauƙi, ya ba ku sanyi mai albarka. Ki gaishe mini da shi, ki ce na ce ya rage tsiya, ɗalibarsa tana ƙoƙari.

Antinki,
Glenys